Kamun Ƙafa a Majalisar Jiha: Yadda Masu Ƙananan Gareji a Amurka Za Su Kare Dokar Duba Lafiyar Mota

A Amurka kowace jiha ce ke yanke wa kanta ko za a riƙa kai motoci a duba lafiyarsu duk shekara ko a'a. A tsakiyar shekarun 1970 jihohi 31 ne ke da wannan doka, domin dokar tarayya ta 1966 ta ba ma'aikatar sufuri ikon rage kuɗin hanya ga jihar da ta ƙi. A 1976 majalisar ƙasa ta karɓe wannan iko, jihohi kuma suka shiga zamewa ɗaya bayan ɗaya. Lokacin da ofishin binciken ayyukan gwamnati, GAO, ya fitar da rahotonsa a 2015, saura 16. Yuta ta fita a farkon 2018, Teksas ta bi sahu ranar 1 ga Janairun 2025, sannan a watan Yunin 2025 majalisar Niyu Hamsha ta amince da soke tata.

A yawancin jihohin da suka rage, gareji masu zaman kansu ne ke wannan aiki da lasisin jiha. Kai mai gareji ka fi kowa sanin abin da ake gani idan aka ɗaga mota sama, amma idan aka kawo kudurin soke dokar, kai ne kuma wanda ɗan majalisa zai fi saurin zargi da kare aljihunsa. Duk dabarar da ke tafe a kan wannan matsala ta ginu: yadda za ka sa a saurari abin da ka gani, duk da an san kana da riba a ciki.

Fara da littafin garejinka, tun babu kuduri

Babban makaminka shi ne lissafin motocin da suka faɗi gwaji a hannunka, kuma yawancin gareji ba su da shi a rubuce yadda zai yi amfani. Dalilin a bayyane yake. Mota ta shigo, bakanike ya ga birki ya cinye, ya kira mai ita, aka canza, aka manna sitika, aka shigar a kwamfuta cewa ta ci. A idon jiha wannan mota lafiyarta ƙalau ta zo. Masu bincike na Jami'ar Carnegie Mellon sun duba wannan a Fensilbaniya a 2015, suka gano cewa ainihin motocin da ke zuwa da lahanin da zai kayar da su sun kai kashi 12 zuwa 18 cikin ɗari, alhali adadin da aka saba ambata kashi 2 ne. Da wannan kashi biyun ake zuwa majalisa a ce gwajin ɓata lokaci ne.

Saboda haka ka buɗe littafi ko shafin kwamfuta na daban, ka riƙa rubuta halin da mota ta zo da shi kafin a taɓa ta. Kowane layi ya ƙunshi kwanan wata, shekarar ƙirar motar, mil nawa ta yi, abin da aka samu, awon da aka ɗauka, da ko mai motar ya san da matsalar kafin ya zo. Wannan tambaya ta ƙarshe tana da nauyi ƙwarai, domin masu neman sokewa kullum cewa suke yi direba mai hankali zai gyara motarsa da kansa. Direba yana ganin fitilar da ta mutu. Bututun man birki da tsatsa ta ci a ƙarƙashin mota kuwa, babu yadda za a yi ya gani daga kujerarsa.

Awon ya zama na gaske. Kada a rubuta "taya ta suɗe" kawai. A sa ma'auni a rubuta zurfin zanen, a gwada shi da iyakar doka, wadda a yawancin jihohi kashi 2 cikin 32 na inci ce, wato milimita 1.6. Haka kaurin fatar birki. Idan boljoyin ko tayarod, wato mahaɗan da ke riƙe taya da juya ta, na wasa, a auna yawan wasan a gwada da abin da kamfanin motar ya ƙayyade. A tayoyi a ɗauki lambobi huɗu na ƙarshe na lambar DOT, wato lambar ma'aikatar sufuri da ke gefen taya: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. A jihohin arewa da ake zuba gishiri a hanya lokacin ƙanƙara, a ware shafi na musamman ga tsatsar shasi da bututun birki da na mai.

Ka raba lahanin gida biyu. Na farko abin da zai iya kashe mutum a kan hanya: birki, taya, sitiyari, shasi, yoyon mai. Na biyu ƙanana irin su fitilar lambar mota ko ɗan tsagin gilashi. Idan ka cuɗa su wuri ɗaya don adadin ya yi yawa, tambaya ɗaya daga ɗan kwamiti za ta wargaza lissafin, kuma ba zai sake yarda da takardarka ba.

A ɗauki hoto da ma'aunin a jikin abin. A rufe lambar mota da lambar shasi, kada sunan mai mota ya fito ko'ina. Kayan da suka fi muni a ajiye su a kwali, a ɗaura wa kowanne takarda mai kwanan wata da mil ɗin motar. Lissafin wata uku ya isa a fara magana da shi, na shekara cikakkiya ya fi, tunda yana nuna abin da hunturu ke yi. Kuma lissafin gareji ɗaya labari ne kawai. Sai gareji ashirin ko talatin sun cika fom iri ɗaya, da ma'ana iri ɗaya ga kowane shafi, sannan ya zama hujja.

Ka san hujjar ɗaya ɓangaren fiye da yadda suka san ta

Abu uku za su kawo. Na farko binciken hukumar kiyaye haɗurra ta tarayya, NHTSA, wanda ya ɗora kashi 94 na haɗurra a kan direba, kashi 2 kacal a kan lalacewar mota. Na biyu rahoton GAO na 2015, wanda ya duba alƙaluman haɗari a Niyu Jasi da Okalahoma kafin da bayan sokewa, bai iya tabbatar da wani bambanci ba. Na uku, jihohi masu yawa ba sa gwajin kuma duniya ba ta tashi ba.

Kada ka musa waɗannan, domin gaskiya ne. Ka dai cika abin da aka bari. Binciken NHTSA da kansa ya faɗi cewa yawanci da ido aka duba motocin daga waje, don haka lahanin ciki bai fito sosai ba. A cikin wannan kashi biyun, taya ce ta ɗauki kashi 35, birki kashi 22, wato ainihin abubuwan da gwajin ke dubawa. GAO kuwa cewa ta yi alƙaluman ba su isa a yanke hukunci ba, kuma ta ambaci cewa ɗan sanda a wurin haɗari ba shi da lokaci ko kayan aikin buɗe birki. Wannan rahoton dai shi ya kawo cewa a Bajiniya kusan mota ɗaya cikin biyar ba ta ci gwaji yadda ta zo ba a 2014. Akwai binciken da aka yi wa ma'aikatar sufurin Fensilbaniya a 2009 da ya ƙiyasta cewa gwajin na hana mutuwar mutum 127 zuwa 187 a shekara a jihar, da wani na Carnegie Mellon na baya-bayan nan da ya duba shekaru sama da arba'in ya samu ƙarancin mace-mace na kimanin kashi 5.5 a jihohin da ke gwaji. Ka haɗa da cewa matsakaicin shekarun mota a Amurka ya haura 12 da rabi.

Sai dai kada ka ɗauka bincike kaɗai zai tsayar da kuduri. A 2018 cibiyar nazarin sufuri ta Jami'ar Teksas da ke Ostin ta miƙa rahoton da majalisar jihar da kanta ta nema, ta ba da shawarar a bar gwajin. Bayan shekara biyar majalisar ta soke shi da kuduri mai lamba HB 3297. Abin da ke motsa ɗan majalisa shi ne koken mutanen mazaɓarsa: layi, ɓata rabin yini, da jin cewa bakanike ya ƙirƙiro gyara don ya ci kuɗi. Wanda bai tanadi amsar wannan koke ba, rahoto goma ba zai cece shi ba.

Bin sawun kuduri

Zaman majalisun jihohi gajere ne, abubuwa na gudu. Ta Teksas tana zama kwana 140 ne a shekarun da ba su rabuwa biyu. Ta Bajiniya kwana 60 a shekara ɗaya, mai bi mata ƙasa da haka. A jihohi da dama ana shigar da kudurori tun Nuwamba ko Disamba kafin a buɗe zama. Ka yi rajistar faɗakarwa a shafin intanet na majalisar jiharka ko a LegiScan, shafin da ke bin sawun kudurorin majalisu, da kalmomin da suka shafi gwajin mota da kuma lambar sashen dokar da ta kafa shi. Lambar sashen ta fi muhimmanci, saboda kudurin sokewa na iya zuwa da take mai laushi kamar gyaran dokar rajista.

Da zarar an miƙa kuduri ga kwamiti, yawanci na sufuri, ka samo sunayen 'yan kwamitin, ka jera gefensu garejin da ke cikin mazaɓar kowanne. A nan aikin yake. Kwamiti na mutum goma sha biyar, ƙuri'a takwas kake nema, kuma shawo kan mutum takwas ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan shawo kan zaure mai mutum 400 irin na wakilan Niyu Hamsha. Ka karanta takardar kiyasin kuɗi da ke biye da kudurin: nawa jiha za ta rasa, daga wane asusu, waɗanne ma'aikata abin zai shafa. A Teksas an soke gwajin amma aka bar dala 7.50 da direba ke biyan jiha, aka sauya mata suna ana karɓa wurin rajista. Abin da direba ya huta da shi shi ne dala 7 ta mai gareji. Irin wannan bayani na da amfani idan aka ce maka ana son sauƙaƙa wa talaka ne.

Ganawa da ɗan majalisa

Lokacin da ya fi dacewa shi ne kafin zama, yana gida a mazaɓarsa. Ka gayyace shi garejin, minti talatin sun wadatar. Ka nemi izinin mai mota, a ɗaga wadda ta faɗi gwaji a wannan makon, a ba shi fitila ya duba da idonsa, ya girgiza tayar ya ji wasan boljoyin da hannunsa. Bakaniken da ya gano matsalar shi zai yi bayani. Idan ɗan majalisar bai samu zuwa ba, hadiminsa mai kula da kudurori ya zo. Shi ne zai rubuta masa abin da zai karanta ranar ƙuri'a.

Tun a jimlar farko ka faɗi cewa kana samun kuɗi daga gwajin da gyaran da ke biyo baya. Ya riga ya sani, kuma idan wani ne ya fara faɗa a gaban kwamiti, sai ya zama tonon asiri. Ka nuna masa lissafin yadda yake: minti nawa gwaji na gaskiya ke ci, nawa kake cajin awa ɗaya ta aiki, nawa doka ta ƙayyade. A Bajiniya iyakar kuɗin dala 20 ce, a Mizuri 12. Duk wanda ya yi lissafi zai ga sitikar kanta ba ta biyan lokacin bakanike. Maganar ma'aikatan da za ka sallama ka faɗe ta sau ɗaya a taƙaice, da adadin da za ka iya tsayawa a kai. Idan ka mayar da ita ginshiƙin hujjarka, ka miƙa wa abokan hamayya abin da suke nema, wato cewa dokar tallafi ce ga kanikawa daga aljihun direbobi.

Ka bar masa takarda mai shafi ɗaya: lambar kudurin, abin da kake roƙo, adadi uku daga garejin mazaɓarsa, hoto biyu, da lambar wayarka. Kafin ya tafi ka tambaye shi kai-tsaye inda ya tsaya. "Zan duba" ba alkawari ba ne, a rubuta shi cikin waɗanda ba su yanke ba, a sake tuntuɓarsa.

Kada kanikawa su tafi su kaɗai. Muryar jami'in 'yan sandan jiha, ko direban motar jan mota, ko ma'aikacin agajin gaggawa, ko malamin makarantar koyon kanikanci, ta fi taka shiga kunne saboda ba su da ko sisi a ciki. Ƙungiyoyin sana'a irin su ASA ta masu garejin gyaran mota da ƙungiyar dillalan motoci ta jiharka galibi suna da wakili a majalisa wanda ya san ranar da za a ɗauki kuduri tun kafin a sanar. Abokan cinikin da gwaji ya taɓa cetonsu su rubuta wasiƙa da kalmominsu. Wasiƙa ɗari masu lafazi ɗaya ana ƙirga su a matsayin ɗaya.

Ranar sauraron jama'a

Minti biyu ko uku ake bayarwa. Ka rubuta jawabin, ka karanta shi da agogo, ka rage har ya shiga. Suna, gari, shekarun da ka yi kana gwaji, matsayarka, adadi ɗaya daga littafinka, kaya ɗaya daga kwalin, roƙonka. Ku raba aiki tun daga gida: wannan ya ɗauki birki, wancan tsatsa, wani ya amsa batun kashi biyu, kada mutum takwas su maimaita magana ɗaya. Ka tambayi magatakardan kwamiti tukuna ko an yarda a shiga da kayan ƙarfe, saboda masu tsaron ƙofa. Idan ba a yarda ba, manyan hotuna su maye gurbi. Waɗanda ba za su yi magana ba su yi rajistar adawarsu, a na'urorin da ke cikin ginin majalisa kamar a Teksas, ko ta intanet kamar a majalisar wakilan Niyu Hamsha. Ana karanta adadin.

Tambayar da za ta fi zafi ita ce ta kanikawan da ke cutar mutane. Kada ka ce babu su. Ka ce akwai, kuma kana goyon bayan a ƙwace lasisinsu, sannan ka faɗi yadda za a kama su.

Abin da za a iya sadaukarwa

Wannan shawara ku yanke ta a tsakaninku tun kafin zama ya fara, domin tayin sulhu yakan zo da dare a nemi amsa da safe. Mizuri a 2019 ta yafe wa motocin da ba su wuce shekara goma ba kuma ba su kai mil 150,000 ba, ta bar gwajin a kan tsofaffi. A Bajiniya gwamna Ralph Northam ya nemi a soke gwajin a 2020, majalisa ta bar shi. Yafe wa sabuwar mota shekarunta na farko abu ne da littafinka zai iya gaya maka ko ya dace: ka duba daga shekara nawa da mil nawa faɗuwa ke fara hawa. A kula, taya da birki da tafiya suke cinyewa, don haka duk yafiyar da aka gina a kan shekaru kaɗai ba tare da iyakar mil ba za ta bar motocin haya da na kai saƙo su wuce ba a duba su ba.

Ana iya cire ƙananan abubuwa daga jerin masu kayar da mota su koma gargaɗi. Ana iya rubuta ma'anar tsatsa mai haɗari ƙarara, a bambanta ta da ta jikin bodi. Ana iya wajabta nuna wa mai mota awon da hoton, da 'yancinsa na kai gyara inda ya ga dama, da sake gwaji kyauta cikin kwanaki ƙayyadaddu, da wurin ɗaukaka ƙara. Duk waɗannan suna kashe koken da ke tura 'yan majalisa. Abin da bai kamata a bari ba shi ne ɗaga mota da cire taya a duba birki da ido. A gwajin Teksas kafin a soke shi a 2025, tuƙa motar ake yi a taka birki, ba a cire taya, kuma gwajin da direba ya ga an gama cikin 'yan mintuna ba zai fito ya kare shi ba.

Tarkon kasafin kuɗi

Kudurin da ya maƙale bai mutu ba. A Niyu Hamsha a 2025 kudurin sokewa ya wuce majalisar wakilai ya tsaya a ta dattawa, masu gareji suka ɗauka sun sha. A watan Yuni, wurin daidaita kasafin kuɗi tsakanin majalisun biyu, aka cusa shi cikin kudurin da ke rakiyar kasafin, ya wuce tare da shi. A wannan mataki babu sauraron jama'a irin na kwamiti, kuma ba wanda zai kayar da kasafin jiha gaba ɗaya saboda sitikar mota. Don haka a sa mutum ɗaya ya riƙa karanta duk gyaran da aka shigar a kudurorin kasafi da na sufuri har ranar rufe zama, a san sunayen 'yan kwamitin daidaitawa ranar da aka naɗa su, a nemi shugabannin majalisa su faɗi a fili cewa ba za su yi ciniki da batun ba. A kuma riƙa bambanta gwajin lafiya da na hayaƙi. Na hayaƙi yana ƙarƙashin dokar tsaftar iska ta tarayya, jiha ba ta janye shi sai da amincewar hukumar muhalli, EPA. Shi ya sa har yanzu ake yin sa a gundumomin manyan biranen Teksas.

Iyakokin doka

Mai gareji da ke magana da wakilinsa a kan sana'arsa galibi ba ya buƙatar rajista, amma wanda aka biya don ya yi kamun ƙafa dole ya yi, kuma ƙa'idar ta bambanta daga jiha zuwa jiha. A duba da hukumar ɗa'a ko ofishin sakataren jiha. Kada a yi wa ɗan majalisa gyaran mota kyauta ko rangwame, kada a ambaci gudummawar kamfe a zaman da ake maganar ƙuri'a. Idan kun kafa ƙungiyar sana'a mai matsayin haraji na 501(c)(6), tana da damar kamun ƙafa, sai dai kason kuɗin membobi da aka kashe a kai ba a cire shi daga haraji. A taronku ku tattauna abin da za ku roƙi majalisa, har da neman a ɗaga iyakar kuɗin gwaji, wannan halal ne. Amma a jihar da kowane gareji ke sa farashinsa, irin Fensilbaniya, kada ku taɓa yarjejeniya a kan nawa za ku riƙa caja, domin wannan laifi ne a dokar hana haɗa baki a kasuwa.

Idan duk da haka ƙuri'a ta nuna sokewa za ta wuce, a koma neman gyara uku a cikin kudurin: a jinkirta ranar fara aiki, a bar gwaji a kan motocin kasuwanci da lokacin sayar da tsohuwar mota, sannan a wajabta wa 'yan sandan jiha rubuta lahanin mota a rahoton haɗari tare da miƙa wa majalisa alƙaluman bayan shekara biyu ko uku. Garejin kuma su ci gaba da cika fom ɗin nan a kan duk motar da ta shigo gyara, da awo iri ɗaya, domin a samu abin gwadawa da na shekarun baya idan batun ya dawo kwamiti.